Shafi Uku

Aikina kunne ne.
Ba ni da kaki, ba bindiga a ƙugu,
sai tsohuwar rigar sanyi da maɓallinta ya ɓalle,
da benci ɗaya a Farin Gada
tsakanin kwandunan kabeji da buhunan dankali,
inda magana ke zuba kamar ruwan Agusta,
ba mai tara bokiti sai ni.
Matata ta ɗauka dillancin dankali nake yi.
Na bar ta a haka.

Ranar Laraba Tanimu ɗan bumburutu ya matso,
yana goge hannu da tsumma, idonsa na kan titi.
Ya ce, "Jarka tara suka saya jiya, ba su nemi ragi ba.
Wa ke sayen mai a wannan marra bai yi ciniki ba?"
Kaneng mai burodi ta ce an kwashe mata tire biyu
tun ba ta gama jerawa ba,
ga shi ba biki, ba suna, ba zaman makoki.
Baƙi ne, in ji ta, takalmansu duk jar lakar bayan dutse.

Na haɗa tara da biyu,
lissafi ya ba ni wani dare da nake roƙon Allah kada ya zo.
Na rubuta shafi uku.
Na sa sunan rafi, na sa sunan gada,
na ja layi biyu a ƙarƙashin "gaggawa"
har biro ya huda takarda.

Takarda ta gangara Hawan Kibo, ta shiga Abuja.
Teburin farko ya ce shafi uku ya yi wa manya yawa.
Na gaba ya goge "gaggawa", wai tana tayar da hankali.
Mai sa hannu yana otal, ana taron ƙara wa juna sani
a kan yadda hukumomi za su riƙa jin juna.
Da ya dawo ya tambaya: hurumin wa ne wannan,
namu, ko na soja, ko na 'yan sanda?
Kowa ya kwanta kan fayil ɗinsa kamar kaza kan ƙwai,
ƙwan da ba zai ƙyanƙyashe ba.

A bene na ƙarshe, inda sanyin na'ura ya fi na Jos,
layi ɗaya ya rage:
"Ana ci gaba da sa ido."

Daren Asabar, ƙarfe ɗaya da kwata.
Motar sintiri na nan a gindin mangwaro,
tankinta fayau, kuɗin mai na cikin kasafin da ba a saki ba.
Su kuwa jarka tara gare su.

Ba zan faɗi adadi ba.
Rediyo ya faɗi nasa, masu haƙa rami sun san nasu.

Litinin aka kafa kwamiti, mutum goma sha biyu da alawus.
Aka hana fita daga shida zuwa shida,
aka hana babur, aka hana sayar da mai a jarka.
Da hantsi motar hukuma ta kwashe kayan Tanimu,
har da mazurari da tsumman hannunsa.
Ya dube ni sau ɗaya daga bayan mota.
Ban iya ɗaga kai ba.

Kaneng ba ta dawo ba.
Ƙanwarta aka aurar a ƙauyen nan bara.
Wata ce ke kasa attaruhu a wurinta yanzu.

Jiya wasiƙa ta zo mini daga sama, da hatimi ja:
in yi bayani cikin kwana uku
dalilin da ya sa ba a sami bayanan sirri ba.
Kwafin shafi ukun yana ƙasan katifata,
da hujin biron nan a jikinsa.

Yau ma ina kan benci, hazo ya rufe Dutsen Shere.
Wani yaro mai cajin waya yana gaya wa abokinsa
an kawo masa wayoyi goma sha huɗu lokaci ɗaya,
duk iri ɗaya, duk sababbi.
Shayina ya huce.
Na laluba aljihu, biron yana nan.